Kogon da ka gano, ba sai ka tallata shi ba

Matasan Jos masu hawan dutse ran Asabar, da ku nake. Ina jin daɗin ganinku rukuni-rukuni a hanyar Dutsen Shere, ya fi zaman majalisa nesa ba kusa ba. Amma akwai halin da ya fara ba ni haushi. Da an ci karo da kogo sai hoto, sai a watsa a Facebook har da kwatancen hanya. Kafin wata ya zagayo wurin ya cika da leda da gwangwanin lemo, wani kuma ya rangaɗa sunansa da na budurwarsa da jan fenti a bango. Wa ya tambaye ka, malam?

Fentin ma da sauƙi. Abin da ya fi tsada a kogo shi ne ƙasar da kuke takawa. A 1944 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya haƙa ƙarƙashin wata rumfar dutse a Rop, nan Filato, ya tono ƙananan kayan aiki na dutse da fasassun tukwane na mutanen da. Masana hawa-hawa suke karanta irin wannan ƙasa: na ƙasa ya girmi na sama. In wani ya sa diga yana neman dukiyar aljanu, ko ya kwashe kashin jemage don taki, ya cakuɗa komai, kuma babu mai iya mayarwa. Ga masu cinna tsohuwar taya don korar jemagu, alhali yawancin na kogo ƙwari suke ci.

Ko numfashi ɓarna yake yi. Kogon Lascaux na Faransa, mai zanen dubban shekaru, dole aka rufe shi a 1963 saboda hucin 'yan kallo ya fara cin zanen.

Nasan za a ce aikin gwamnati ne. To, hukumar kayan tarihi ba za ta ajiye maigadi a bakin kowane rami ba. A ƙasashen da binciken kogo ya kankama, 'yan sa-kai ne ke auna kogwanni, su zana taswira, su kwashe shara, su kuma ɓoye inda masu rauni suke. Turawan Ingila biyun da suka fara isa ga yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a wani kogon Tailan a 2018 irinsu ne, ɗaya tsohon ɗan kwana-kwana, ɗaya ma'aikacin kwamfuta.

Mu nan, ku ne 'yan sa-kan, ko kun sani ko ba ku sani ba. Ku fara gaida mai unguwa kafin ku hau, don wasu duwatsun wuraren ibadar gargajiya ne. Ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora, ku sallame shi da kyau. Kowa ya riƙe buhun shara. In kun ga kasko ko zane a bango, kada ku taɓa, ku ɗauki hoto ku kai gidan tarihi, nan kusa da gidan zu.