Dokar taƙaita ƙara tana nan, kunyar maƙwabci ce ta rufe mana baki

A daren Asabar da ta gabata wani maƙwabcinmu ya aurar da 'yarsa. Aka toshe layi da rumfuna, mai kiɗan DJ ya jingina manyan lasifikoki biyu da katangar wani dattijo mai fama da hawan jini, aka yi ta casu har wajen ƙarfe biyu. Da asuba muka haɗu a masallaci idanu jajir, kowa ya yi wa uban amarya Allah ya sanya alheri, babu wanda ya ce uffan a kan daren da aka hana mu runtsawa, har da ni mai wannan rubutu.

Ba rashin doka ne ya sa muka yi gum ba. Tun a shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara, aka ɗora alhakin aiwatar da su a wuyan NESREA, hukumar kula da muhalli wadda aka kafa a 2007. Ƙa'idojin sun ɗauki dare daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, sun kuma kayyade wa gidajen zama desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 da rana, 35 da dare. Hirar mutum biyu kan kai kusan desibel 60, ke nan ko ƙaramin janaretan da ke ruri a gindin tagar maƙwabci ya riga ya tsallake iyaka, balle mai tallan maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a kan mota yana zayyana cututtukan da ba a faɗa a gaban yara.

Jihar Legas ta gwada amfani da ƙarfin hukuma: a 2016 ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 saboda ƙara. A nan ne maganar ke yin nauyi a wajenmu, domin da zarar an ambaci lasifikar wurin ibada sai a ce an taɓa addini. Ni dai ban ga addinin da aka taɓa ba. Kiran salla na 'yan mintuna daban, wa'azi ko kwanan addu'a da ake juya bakin lasifika waje har tsakar dare daban. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana su cutar da juna da hakan. Ita kanta Saudiyya a 2021 ta taƙaita lasifikokin waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu.

Sai dai jami'in da ke zaune a Abuja ba zai taɓa jin kiɗan layinmu ba. Wanda yake ji shi ne mai unguwa, kuma a hannunsa ya kamata maganar ta sauka. A Akara, babban birnin Ghana, sarakunan gargajiyar ƙabilar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikinsu na gargajiya mai suna Homowo, kuma duk da ana samun saɓani da wasu majami'u, kowa ya san ranar farawa da ta ƙarewa. Irin wannan fayyacewa muke buƙata: mai unguwa da limamai da fastoci da shugabannin matasa su tsayar da lokaci, a ce ƙarfe 10 na dare a kashe kiɗa, a rubuta a manna, ta yadda mai ƙorafi ba zai zama shi ne mai baƙin hali ba.

Dole kuma a bambance mai neman abinci da mai nishaɗi. Mai injin niƙa da mai walda rashin wutar lantarki ne ya jingina su da janareta, don haka lokacin aiki za a tsara musu, ba kulle shago ba. Sharaɗin kawai shi ne dokar ta hau kan kowa, domin ranar da aka kashe kiɗan bikin ɗan mai shayi aka ƙyale na gidan kansila, washegari babu wanda zai sake sauraron mai unguwa.