Ba kowane mai taɓin hankali ne sai an kwantar da shi a Dawanau ba

Abin da ke ƙona min rai kwanan nan shi ne, da zarar an yaɗa bidiyon wani bawan Allah da ciwon ƙwaƙwalwa ya tasar masa a Facebook sai ka ga an yi caa da magana ɗaya, wai a ɗaure shi a kai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da ke Kano, wai gwamnati ta ƙara gina asibiti ta ƙara gadaje. Haba jama'a, gini ne yake warkar da mutum?

Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 ta zamanin Turawa, amma tunaninmu yana nan inda yake, kama shi, kulle shi. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, to ko an gina asibiti a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na Kano wa zai duba marasa lafiyar?

Akwai wata hanya fa. Tun 2000 Ingila ta baza tawagogin da ke bin mutum har gida idan ciwo ya tashi, nas ya zo da safe ya ba shi magani, ya dawo da yamma ya ga ko ya ci abinci ko ya samu barci, ya zauna da iyali ya nuna musu alamomin da za su lura da su, ga lambar waya ko da tsakar dare ne, a yi haka 'yan makonni har abin ya lafa. Kuma kar wani ya ce min ai wannan na Turawa ne, a nan ƙasar likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta tun 1954, majinyata suna zaune cikin ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani.

Ka duba mai jego da ciwon ya kama bayan haihuwa. An raba ta da jaririnta, uwarta ta bar gida ta tare a asibiti da tabarma da kwanon abinci, mijin ya rufe shagonsa a Kwari yana zirga-zirga a adaidaita sahu, kuma ko ta warke sarai sunan ya riga ya bi ta, "ai wadda aka kai Dawanau ce". Wallahi wannan tambarin ya kashe aure da yawa, shi ya sa ma mutane ke ɓoye ciwon suna ta ruƙiyya kaɗai har abu ya ta'azzara.

Masu cewa ai a gida ne ake saka su a mari suna kawo misalin matashin da 'yan sanda suka ceto a nan Kano a Agustan 2020 bayan shekaru a kulle cikin gareji, sun manta cewa gidan da ma'aikacin lafiya ke shiga kullum ba a iya ɓoye mutum a cikinsa. Wanda ke neman hallaka kansa ko wani, wannan kam a ba shi gado, ba mai musu. Saura fa?

Jihar da ta iya bin gida-gida, lungu-lungu da allurar foliyo shekara da shekaru ba ta da uzuri. A horar da nas-nas na asibitocin sha-ka-tafi, a ba su babura da magani da likita ɗaya a waya, a fara gwadawa ko da a Dala da Fagge ne.