Wai aikin kanti ba ya buƙatar ƙwarewa

Duk lokacin da ma'aikatan manyan kantunan kayan masarufi suka ɗaga murya kan albashi, amsa ɗaya suke samu: ku bi a hankali, na'ura na nan tafe. Ana nufin injinan nan da mai saye ke karanta lambar kayansa da kansa, ya biya, ya kama gabansa. Abin haushin shi ne har yau ana kaɗa wannan bulala, alhali masu kantunan da kansu sun fara janye jiki. A 2023 kamfanin Booths na Ingila ya cire injinan daga kusan dukkan kantunansa, ya dawo da mutane kan kanta. A 2024 Amazon ya sanar da cire tsarinsa na ɗauki-ka-fita, inda mai saye ke ɗaukar kaya ya fice ba tare da ya tsaya wurin biya ba, daga kantunan Amazon Fresh na Amurka. Injin ya fara komawa sito, amma maganar da aka gina barazanar a kanta tana nan daram: wai aikin kanti kowa ma zai iya, don haka ko nawa aka ba mai yinsa ya isa.

Masu faɗin haka ta ƙofar gaba suke shiga kanti. Da sun taɓa tsayawa a ƙofar baya lokacin da motar kaya ta iso, da sun rage murya.

Aikin yana farawa ne da ƙidaya. Kowane katan sai an duba shi da takardar da ta rako kayan, domin abin da aka sa wa hannu ya zama na kanti, ko ya iso ko bai iso ba. Sai awon sanyi. Madara, nama da makamantansu bai kamata su haura digiri 5 a ma'aunin Salsiyos ba, daskararru kuma ana son su a digiri 18 ƙasa da sifiri. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, shi ya sa kayan sanyi ba sa jiran a gama hira da direba. Katan ɗin da aka manta a ƙasa ya yi sa'o'i, ko an mayar da shi firij ya sake yin sanyi, bai koma lafiyayye ba, kuma ido ba zai nuna ba. Wanda ya san ya daɗe a waje ne kaɗai zai iya hana shi isa cikin gidan wani.

Jera kaya ma da ƙa'idarsa. Sabo ya koma baya, tsoho ya dawo gaba, wato sai an kwashe abin da ke kan kanta kafin a zuba na yau. Mai gaggawa ko wanda bai damu ba zai tura sabo a gaba, bayan mako guda a tarar da layin baya duk wa'adinsa ya wuce. Kwanan watan da ke jikin kaya iri biyu ne: akwai wanda ke nufin bayansa ɗanɗano ya ragu, akwai wanda ke nufin bayansa ci haɗari ne, kuma dole a san wanne ake rage wa farashi, wanne ake zubarwa. Ɗanyen nama ƙasa yake zama, kada ruwansa ya ɗiga kan abin da za a ci ba dafawa. Firij mai buɗaɗɗen gaba yana da layin da ba a haurawa. In aka cusa kaya suka toshe hanyar iska, na gaba su ɗumame injin yana ta aiki. Ayaba, tuffa da tumatir suna fitar da iskar da ke gaggauta nuna, in aka haɗa su da ganye sai ganyen ya yi rawaya tun kafin a sayar. Ba a haifi kowa da sanin wannan ba. Koya ake yi, yawanci daga bakin tsohon ma'aikacin da albashinsa bai fi na sabon da komai ba.

Yanzu ga hujjar da masu kanti suka fi so: ribarmu kaɗan ce. Gaskiya ne, a manyan kantunan abinci abin da ke saura bayan an cire komai ba ya yawan wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. To amma wannan hujja kansu take faɗawa. A lissafi mai sauƙi, in riba kashi 2 ce, kayan 100 da suka lalace sai an yi cinikin 5,000 kafin a cike gurbinsu. Ƙofar firiza ɗaya da ba a rufe da kyau ba cikin dare tana iya cinye ribar kwanaki. Ke nan 'yar ribar da ake kuka da ita a hannun wa take? A hannun mutumin da aka fi kowa raina wa albashi. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Mai karɓar kuɗi kuwa nasa ya fi ciwo. Da safe a ƙirga masa canjin farawa, ya wuni yana haddace da lambobin kayan da ake aunawa a sikeli, yana lura da jabun kuɗi, yana shan faɗa kan farashin da ke jikin kanta da bai dace da na kwamfuta ba, kuskuren da ba nasa ba. Da dare a buga jimillar ciniki a kwatanta da abin da ke cikin durowa. In an samu giɓi, a wurare da yawa daga albashinsa ake cirewa. In an samu rara, ta kanti ce. Wani lokaci ma mutum biyu ko uku ne suka yi aiki da durowa ɗaya, amma sunan da ke kan takarda shi zai biya. Wannan ba horo ba ne, ɗora wa ma'aikaci asarar kasuwanci ne ba tare da ba shi kason riba ba.

Ga kuma lokacin da ba ya shiga lissafi. A ce ka zo rabin sa'a kafin a buɗe don shara da sauya takardun farashi, ka ƙara rabin sa'a bayan an rufe don ƙirga kuɗi da jiran a caje jakarka a bakin ƙofa. Sa'a ɗaya a rana, kwana shida a mako, cikin mako huɗu ta zama sa'a 24, wato aikin kwana uku cur kyauta. Sannan jadawalin mako ya fito saura kwana biyu, ta yadda ba ka isa ka nemi aiki na biyu ko ka shiga makaranta ba. A kantuna da yawa ko kujera ba a ba mai karɓar kuɗi, wai zama yana nuna lalaci, duk da cewa kantunan Aldi sun daɗe suna barin nasu su zauna, kuma ba a san su da layi mai nawa ba.

Ba mu manta 2020 ba. Da annobar korona ta kulle mutane a gida, waɗannan ma'aikata ne aka kira jarumai. Kamfanin Kroger na Amurka ya ƙara musu dala 2 a kowace sa'a, ya janye a watan Mayu na shekarar, cutar na tsaka da ci. Abin da ya rage shi ne hoton gwarzon ma'aikaci na wata a jikin bango da jawabin manaja cewa mu nan duk 'yan gida ɗaya ne. Mai gidan haya ba ya karɓar takardar yabo.

Akwai masu cewa aikin matasa ne kafin su samu na gaske. Su leƙa su ƙirga masu furfura da iyayen yara da ke bayan kanta. Masu cewa in bai yi maka ba ka ajiye kuwa, ai ana ajiyewa, shi ya sa kullum sabuwar fuska ce ke neman inda ake ajiye gishiri, kanti yana biyan kuɗin koyar da wanda zai tafi bayan wata uku.

Abin da za a yi ba sabo ba ne. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1949, ta ce ba a zaftare albashi sai bisa sharuɗɗan da doka ko yarjejeniya da ma'aikata ta tanada, kuma a sanar da ma'aikaci. Ta 131, ta 1970, ta ce a duba tsadar rayuwa da buƙatun iyalin ma'aikaci wajen ƙayyade mafi ƙarancin albashi. Kantin da ke iya sauya farashin kaya duk mako ba shi da uzurin barin albashi shekara biyu a wuri ɗaya. A biya kowane minti daga shiga zuwa fita, a fitar da jadawali mako biyu kafin lokaci, wanda ya iya sashen nama ko na sanyi a bambanta albashinsa da na sabon shiga. Masu duba wuraren aiki na ma'aikatun ƙwadago kuma su fara da littafin giɓi, su tambayi manaja mutum nawa ne suka taɓa durowar a ranar da aka cire wa mutum ɗaya kuɗi.