Irin sanqi ba ya jure ma'ajiyar sanyi

Wani labari ya ce in ana son adana sanqi, wani tsiron magani na ƙasar Sin, a zuba irinsa a ma'ajiyar sanyi, shi ke nan. Ina! Irin wannan tsiro na Wenshan a lardin Yunnan mutuwa yake da zarar ya bushe, ita kuwa ma'ajiyar sanyi busasshen iri ake sa mata. Sai dai a binne shi cikin yashi mai danshi kwana 45 zuwa 60 kafin shuka. An daina samunsa a daji, duk bambancin jinsinsa yana gonaki. Gonakin ma, ruɓewar saiwa kan hana maimaita fili har shekara 10. Don haka dole a riƙe shi da ransa a gona: a ɗebo iri daga gundumomi dabam-dabam, kowanne da kwaminsa. Kuma kada a zaɓi masu manyan saiwa kaɗai, don ta nan ake asarar masu jure cuta.