Ƙishirwar Damagaram ba ta yau ba ce

Na gode da rahotonku kan ƙarancin ruwa a Damagaram, amma kun taƙaita tarihin. Nan ce hedikwatar Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mai da ita Yamai, kuma rashin ruwa na cikin dalilan. Garin bisa dutse yake zaune. Wanda ya shiga Birni ya ga manyan duwatsun nan tsakanin gidaje. Kakata a Zango take, inda a da ayarin raƙuman Agadas kan sauka kafin ya nufi Kano. Muna yara, tun asuba muke layin famfo da jarkoki. Ganuwar Sarki Tanimun kuwa, ɓurɓushinta kaɗai ya rage. Wallahi abin yana ci mini rai.