Rashin nama ba ya hana abinci lalacewa

Mutane da yawa sun ɗauka nama ne kawai ke saurin lalata abinci. Shi ya sa idan an dafa shinkafa da wake ko alale da yawa domin gobe, sai a rufe tukunya a bar ta a kicin har gari ya waye. Akwai haɗari a nan, musamman da bazara.

Shinkafa ce ta fi ba ni tsoro. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan shinkafar ta daɗe a ɗumi, ƙwayar sai ta hayayyafa ta saki guba mai sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Sau da yawa ko wari ba za a ji ba.

Dafaffen wake, alale da awara a sa su a firij cikin awa 2 da saukewa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, busasshe za a tanada: garin ɗanwake, surfaffen waken da aka shanya, ƙuli-ƙuli da zogale. Da waɗannan a gida, ɗanwake ko kwaɗo ba ya cin lokaci.