Mai Wasan Mota a Gidan Biki Ba Ɗan Tsere Ba Ne

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ana shirin kai amarya a unguwarmu, sai ga samari da motocin iyayensu sun mamaye titi. Wannan ya ƙure totur, ya ja hambirki, mota ta yi juyi, ƙura ta turnuƙe, taya na ƙauri. Abokansa sun fito da rabin jikinsu ta taga suna ihu. Yara ƙanana na gefe, wata tsohuwa mai tallan ƙosai ta bar kaskonta ta gudu. Da wani dattijo ya yi magana, sai yaron ya leƙo yana dariya, wai shi ɗan tsere ne, irin na Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya.

Wannan kalma ce ta tsaya mini a rai. Ƙannena, tunda kun ce ku 'yan tsere ne, bari in ba ku labarin ɗaya daga cikin waɗanda kuke liƙa hotonsu a waya, ku auna da kanku.

An haifi Fernando Alonso a garin Oviedo na ƙasar Sifaniya a 1981. Yana ɗan shekara uku ya fara tuƙa 'yar ƙaramar motar tseren yara da mahaifinsa ya haɗa da hannunsa. Daga nan har ya shiga Formula 1 a 2001, shekara goma sha bakwai ke nan yana hawa mataki-mataki a filin da aka killace, a shekarun farko mahaifinsa na yi masa bakanike. Da ya shiga ma, ƙungiyar Minardi ce ta ɗauke shi, wadda motarta kusan kullum a baya take ƙarewa. Shekarar da ta biyo baya kuma Renault ta ajiye shi yana gwajin mota, bai yi tsere ko ɗaya ba. Ya haƙura. Sai a 2005 da 2006 ya zama zakaran duniya sau biyu a jere. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai kuwa wata uku da koyon mota a filin makarantar firamare, ba ka ma iya ribas da kyau ba, ka zo kana juyi a tsakiyar mutane.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa shi ne lokacin da ya fita daga gonarsa. A 2017 ya tafi Amurka tseren Indianapolis 500. Mutumin da ya ci duniya sau biyu, sai da aka sa shi ya yi gwajin sababbin shiga kamar kowane ɗan koyo, ana ƙayyade masa gudun da zai yi, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan. Bai tsaya yana tambayar ko sun san shi ba. A tseren ya ja gaba na wani lokaci, injin ya mutu dab da ƙarshe. Ya koma a 2019, ko cancantar shiga bai samu ba, wani matashi na wata ƙaramar ƙungiya ya ture shi. A Faransa kuma ya ci tseren Le Mans a 2018 da 2019 da motar Toyota, tseren da ake kwana ana yini ana yi, awa 24, direbobi uku na karɓa-karɓa a mota ɗaya. A can wanda ya cika rawar kai ya lalata mota, ya kashe wa mutum biyu da dukan bakanikensa wahalar shekara guda. A 2020 ya shiga tseren Dakar a hamadar Saudiyya, tseren nan da a da yake ratsa Agadas da Tenere. Hilux ya tuƙa. Ya karya ƙafar mota a kwana na biyu, shi da abokin tafiyarsa Marc Coma suka duƙa cikin rairayi sama da awa biyu suna gyara da hannunsu. Daga baya motar ta wuntsila a kan tudun yashi, ya ci gaba babu gilashin gaba, ya ƙare na 13. Ku da ko fanca ba ku iya canzawa sai kun kira yaron gidanku.

To a duk wuraren nan da ya zaga, ku nuna mini inda ya yi tsere a cikin 'yan kai amarya. Ku nuna mini inda aka bar mai talla da jariri a goye a bakin hanyarsa. Ɗan tsere yana sa kayan da wuta ba ta saurin ci, da hular kwano, a ɗaure shi tamau a kujera. Akwai shinge, akwai masu tuta, akwai likitoci da jirgi mai saukar ungulu na jira. Duk da haka a 2016 a Ostireliya motar Alonso ta yi karo tana gudun kusan kilomita 300 a awa, ta yi ta ƙundumbala. Ya fito da ƙafarsa, amma haƙarƙari ya karye, likitoci suka hana shi tseren da ya biyo baya, ya bi umarni. Ayrton Senna, zakaran duniya sau uku, a filin tsere ya yi hatsarin da ya yi ajalinsa a 1994. Waɗannan da ransu kaɗai suke caca, bayan sun yi duk tanadin da ɗan Adam zai iya. Kai da silifas da tayar da ta suɗe, bel ma ba ka ɗaura ba, ran 'ya'yan mutane kake wasa da shi.

Kuma a can ganganci laifi ne. A 2012 a Beljiyam, Romain Grosjean ya yi kutse a farkon tsere, motarsa ta tashi ta bi ta saman ta Alonso dab da kansa. Aka dakatar da shi tsere guda, aka ci shi tara. Mu nan wanda ya fi kowa hauka shi ake yi wa tafi, 'yan mata na guɗa, ana ɗauka a waya don a ɗora a TikTok. Wasu ma sai sun afa tiramol ko sun kurɓi kodin kafin su kama sitiyari, wannan kuma wata masifa ce da ke cin unguwanninmu muna kallo. In an buge yaro sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haba! Ka ƙure totur a cikin taro, sannan ka jingina wa ƙaddara? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho, illa dai hohon nan sau da yawa a gidan wanda bai ji ba bai gani ba ake yin sa.

Iyaye ma ku yi haƙuri, da ku nake. Kun san inda yaro ke zuwa da mota, kun ga tayoyin sun cinye cikin wata guda, kuna sayen sababbi. Ya kamata a tashi tsaye, masu unguwa da limamai da uwayen biki, kowa ya yi abin da zai iya.

Da can tuƙi sana'a ce mai mutunci. Yaron mota sai ya yi shekaru a bayan ubangidansa, yana wanke gingimari, yana sa waigi in an tsaya a gangara, yana duba mai da ruwa da asuba, kafin a bar shi ya matsar da ita ko a cikin tasha. In ya yi wauta sau ɗaya, labarinsa ya zaga tashoshi, ba mai ƙara ba shi makulli. Direba kan yi alfahari da cewa ya tsufa a hanya bai taɓa taka ko akuya ba. Yanzu lasin har gida ake kawo wa yaro, bai taɓa ganin wanda zai gwada shi ba. Dattijon unguwa kuma in ya tsawata, gobe uban yaron zai aiko a tambaye shi ko shi ya saya masa motar.